Kayan Aikin Masassaƙi Da Yadda Ake Kula Da Su

Jama'a, kowa ya dubi cikin gidansa. Ga turmi da taɓarya a tsakar gida. Ga muciya da kujerar mata a madafa. Ga ƙotar fartanya a rataye, ga allon yara a jingine a zaure. Duk waɗannan aikin masassaƙi ne. Injin niƙa ya zo, kwanon sha da roba sun kori akushi daga gidaje da yawa, amma har yau ba gidan manomin da zai yi sati guda bai taɓa aikin masassaƙi ba.

Ba kowa ne masassaƙi ba, amma kusan kowane manomi yana da gatari, kuma yakan gyara ƙotarsa da kansa in ta kwance. Saboda haka wannan darasi na kowa ne. Za mu ga kayan aikin sassaƙa, da aikin kowannensu, da yadda ake wasa su, da yadda ake ajiye su. Amma bari mu fara da dalilin da ya sa maganar ta dame mu, mu mutanen wannan ƙasa.

ITACE A ƘASARMU

Wanda ya tashi daga birnin Kano ya nufi arewa, ya bi ta Minjibir ko Bichi, ya isa Dambatta, ko Makoɗa, ko Kunci, ba zai ga daji mai duhu ba. Gona ce ke bin gona, ƙauye yana hangen ƙauye. Itatuwan da zai gani duk a cikin gonaki suke: gawo, da kuka, da tsamiya, da ɗorawa, da kanya, da darbejiya. Kowace bishiya kuwa da mai ita.

Wani Bature mai suna Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya daɗe yana nazarin ƙasar da ke kewaye da Kano. Shi da abokin aikinsa sun buga littafi a kanta cikin 1965. Abin da ya yi ta nunawa cikin rubuce-rubucensa shi ne, duk da yawan jama'a manoman Kano ba su ƙarar da itatuwansu ba, domin kowa yana tsaron na gonarsa kamar yadda yake tsaron akuyarsa.

To, amma ba kowane itace ke yin sassaƙa ba. Kirya da marke, masu taurin nan da ake so don taɓarya da ƙota, sun yi wuya a wajenmu. Darbejiya ce ta yi yawa, ita kuwa baƙuwa ce, asalinta daga Indiya da maƙwabtanta, an fara shuka ta a Barno cikin 1928. Watau masassaƙin ƙasarmu ba ya shiga daji ya sari abin da ya ga dama. Sai ya sayi bishiya wajen mai gona, ko ya sayi gungumen da mota ta kawo daga nesa. In ya ɓata gungume, ya ɓata kuɗinsa, ya kuma ɓata shekarun da bishiyar ta yi tana girma. Abin da ya fi ɓata itace kuwa shi ne kayan aiki marasa kaifi.

KAYAN AIKIN

Na fari shi ne gatari. Da shi ake kā da bishiya, a datse rassa, a yanke gungume daidai tsawon abin da za a sassaƙa. Da shi kuma ake rage ƙaton itace kafin a shiga aikin hankali. Gatari aikin ƙarfi yake yi, saboda haka bakinsa yana da kauri.

Na biyu shi ne gizago, shi ne uban kayan sassaƙa. Bambancinsa da gatari a wajen zaman baki yake. Bakin gatari yana bin tsawon ƙota, shi ya sa yake tsaga itace. Bakin gizago kuwa a gicciye yake kamar na fartanya, shi ya sa yake feƙe itace sala-sala. Masassaƙi na sosai ba ya tsayawa kan gizago ɗaya. Akwai babba mai faɗin baki na fitar da siffa. Akwai ƙarami na gyara da sumulcewa. Akwai kuma mai lanƙwasasshen baki kamar cokali, wanda ake rarake cikin turmi da akushi da shi. Na cikin turmi yakan sami doguwar ƙota domin ya kai ƙasa.

Na uku ita ce wuƙa. Ita ke bin bayan gizago, ta share tabon sara, ta yi zane da ado. Sa'an nan akwai ƙarfen huji, mai tsini, wanda ake gasawa a wuta a huda itace da shi. Da ƙarfe mai zafi kuma ake ƙona zane a jikin kujera ko cokali. Masassaƙan yanzu sun ƙara da zarto na yanka, da magagari na goge wurin da ya yi kaushi, da takarda mai yashi wadda kafintoci ke aiki da ita.

Na ƙarshe, wanda mutane suka fi mantawa da shi, shi ne dutsen washi. Ba ya sara, ba ya yanka, amma in ba shi duk sauran ƙarafa ne kawai.

MASASSAƘI DA MAƘERI

Kowane gatari da gizago kashi biyu ne: akwai ruwa, watau ƙarfen, akwai ƙota. Ruwa aikin maƙeri ne, ƙota aikin masassaƙi. Maƙeri ba ya sayar da fartanya sai da ƙota, masassaƙi ba ya yin ƙota sai da gizago. Sana'o'in nan biyu tare suke tafiya tun kaka da kakanni.

Ƙira tsohuwar sana'a ce a ƙasar Kano. Labarin gargajiya ya ce wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya ya zauna a gindin Dala don neman tama. Masana kuma sun tono tsohon wurin narka tama a Dala, suka ce ya shige shekara 1,300. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, ƙarfen Turawa ya yi ta shigowa, har aka bar narka tama. Yanzu maƙera da tsofaffin ƙarafan mota suke aiki.

Wannan ya kawo wani abu da ya kamata mai saye ya sani: ba duk ƙarfe ne ke riƙe kaifi ba. Ƙarfen sifirin mota yana da kyau ƙwarai, domin in maƙeri ya gasa bakinsa ya tsoma a ruwa yakan yi tauri. Amma ƙarfe mai taushi, irin na rodin gini ko na durom, ko an wasa shi sau goma ba ya daɗewa. In za ka sayi gizago ka tambayi maƙeri irin ƙarfen da ya yi shi da shi. Ka ɗan goga magagari a bakinsa. In magagari ya ci shi da sauƙi kamar sabulu, ƙarfen ya yi taushi, zai riƙa lanƙwashewa. In kuwa magagari ya zame bai kama ko kaɗan ba, ya yi tauri da yawa, zai riƙa ɓantarewa. Na kirki shi ne wanda magagari ke ci da ƙyar. Kada ka bi mai araha kawai, araha ba ta ado.

YADDA AKE WASHI

Ka sami dutse biyu in da hali, ɗaya mai kaushi, ɗaya mai laushi. Mai kaushi shi ke cire giɓi, mai laushi shi ke kawo kaifi. Ka kafa dutsen a ƙasa yadda ba zai motsa ba, ka zuba masa ruwa. Ruwan yana wanke garin ƙarfe, yana kuma hana dutsen toshewa.

Ka dubi bakin ƙarfen da kyau, za ka ga gangaren da maƙeri ya yi masa. Wannan gangare shi za ka kwantar a kan dutse. Kada ka ɗaga hannu da yawa, bakin zai yi dunƙule. Kada kuma ka kwantar da shi ƙwarai, bakin zai yi siriri ya karye. Ka riƙe hannunka a wuri ɗaya, ka yi ta gogawa a hankali, kana bin dutsen duka don kada tsakiyarsa ta yi rami.

Gatari ta gefe biyu ake wasa shi, a yi musu daidai. Gizago kuwa yawanci gefe ɗaya ne ke da gangare. Shi za ka wasa, har ka ji wani ɗan siririn ƙarfe kamar zare ya fito a ɗaya gefen. Wannan ita ce alamar washi ya kai baki. Sai ka juya, ka kwantar da bayan a kan dutse mai laushi, ka shafa sau biyu ko uku zaren ya fita. Daga nan ka goga bakin a kan tsohuwar fata, kamar yadda wanzami ke yi wa askarsa. Gizago mai lanƙwasasshen baki kuwa, cikinsa ba ya hawa dutse mai faɗi, sai ka nemi ɗan dutse mai zagaye ka bi shi da shi.

Kada ka gwada kaifi da yatsa. Ka ɗaga bakin ka dube shi a rana. Baki mai kaifi ba ya ƙyalli. In ka ga wani farin layi yana walƙiya a kan bakin, wurin bai wasu ba tukuna. Ko kuwa ka gwada a kan guntun itace: mai kaifi yana fitar da sala mai santsi, dakusasshe yana murje itace ya bar kaushi.

Itace mai tauri kamar kirya yana son baki mai ɗan kauri. Mai sauƙi kamar ɗanya, wadda ake akushi da ita, yana son baki mai ɗan siriri. Shi ya sa bai kamata ka ɗauki ƙaramin gizagon gyara ka kai wa kirya sara ba.

Yanzu a manyan kasuwanni akwai masu injin washi. Injin yana da sauri, yana da amfani in baki ya yi babban giɓi. Amma akwai haɗari. In aka danna ƙarfe a kansa aka daɗe, bakin yakan yi zafi ya koma shuɗi. Duk inda ya yi shuɗi taurin da maƙeri ya ba shi ya tafi. Ka tsaya a kan kayanka, ka sa a riƙa tsoma shi a ruwa a kai a kai. In kuwa bakin ya cinye ya yi kauri ƙwarai, kai shi maƙera a koɗa shi, ya fi.

Abu mafi muhimmanci: kada ka jira sai gizago ya dakushe sarai. Washi kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini, ya fi babban washi sau ɗaya a wata. Ƙaramin washi ɗan lokaci kaɗan yake ci, ƙarfe kaɗan yake ci.

ƘOTA

Hanya biyu ake haɗa ruwa da ƙota. Wani ruwan yana da wutsiya mai tsini, wadda ake gasawa a huda kan ƙota da ita a kafa. Wani kuwa yana da kwaroro, ƙota ce ke shiga cikinsa. Ko wanne ne, sai ƙotar ta kasance ta itace mai ƙarfi, kamar kirya, ko marke, ko aduwa, wanda ya bushe sarai a inuwa. In ka sa ɗanyar ƙota, ran da ta bushe za ta tsuke, ruwan ya kama girgiza. Ƙotar gizago kuwa an fi son reshen da ya tsiro da gwiwarsa, domin lanƙwasar da Allah ya yi ta fi wadda aka sassaƙa ƙarfi.

Itace yana shan laima yana kumbura, yana bushewa yana tsukewa. Shi ya sa ƙotar da ta zauna daram da damina takan yi sako-sako da hunturu. Mutane da yawa sukan jiƙa ta a ruwa ta kwana. Wannan maganin yini ɗaya ne, gama in ta sake bushewa sai ta fi da kwancewa, ga kuma tsatsa. Abin da ya fi shi ne ka cire ruwan, ka naɗa wa wutsiyar ɗan guntun fata, ka sake kafawa. In ramin ya yi faɗi ƙwarai, ko kan ƙotar ya tsage, ka yar da ita ka yi sabuwa. Ka riƙa shafa wa ƙota man kaɗe ko man gyaɗa don kada ta tsattsage.

In ƙota ta karye a cikin kwaroro, kada ka jefa ruwan cikin wuta don guntun ya ƙone. Wutar za ta kashe taurin bakin. Ka sa ƙarfe ka buge guntun ya fita.

AJIYA

Kayan sassaƙa suna da abokan gaba uku: tsatsa, da gara, da yashi. Tsatsa tana cin ruwa, gara tana cin ƙota, yashi yana cin kaifi.

Ɗanyen itace ya fi daɗin sassaƙa, amma ruwansa yana kawo tsatsa. In ka tashi daga aiki ka goge ƙarfen da tsumma ya bushe, ka shafa masa ɗan mai. Man gyaɗa ko man kaɗe ya isa. Baƙin man mota yana hana tsatsa, amma ba shi da kyau ga cikin mutum, kada a shafa shi a kayan da ake sassaƙa turmi, ko muciya, ko akushi da su.

Kada ka bar kayanka a ƙasa. Ka rataye su a bango, ko ka ɗora su a kan maratayi, inda gara da yara ba za su kai ba. Kada ka zuba su cikin buhu ɗaya baki yana bugun baki. Ka sa dukawa su ɗinka wa kowanne ɗan kube na fata, ko ka naɗe bakin da tsumma.

Ƙasarmu jigawa ce, yashi ko'ina. Kafin ka fara sara ka kankare ƙasar da ke jikin gungume, ka ɗora shi a kan wani itace don kada gatari ya wuce ya sari ƙasa. Itacen da ya girma a bakin hanya ko cikin gari kuwa ka bincike shi da kyau, sau da yawa akwai ƙusa ko waya a cikinsa. Kada kuma ka yi tonon rami da gizago, ko faskare, ko saran ƙashi ran Salla. Kowane aiki da kayansa.

Aro ma yana kashe kaya. Wanda bai sayi abu ba bai san zafinsa ba. In kana da hali ka ajiye tsohon gatari don masu aro. Yanzu da ka iya rubutu, ka gasa ƙarfe ka rubuta sunanka a jikin kowace ƙota.

TSARE JIKI

Wasu suna tsammani kaifi ne ke kawo rauni. Ba haka ba ne. Mai kaifi yana shiga inda aka aike shi. Dakusasshe kuwa sai an sa masa ƙarfi, hannu ya gaji, sa'an nan ya zame daga jikin itace ya nufi ƙafa.

Na san wani saurayi a wani ƙauye na ƙasar Dambatta. Ruwan shuka ya sauka, yana gaggawar gama ƙotoci don ranar kasuwa. Ubansa ya ce ya tsaya ya wasa gizagon, ya ce babu lokaci. Gizago ya zame a kan busasshen marke ya sare shi a ƙwauri. Ya danna wa ciwon ƙasa ya ɗaure da tsumma. Bayan kwana uku ƙafa ta kumbura, sai da aka kai shi asibiti. Allah ya sa ya warke, amma noman fari ya wuce shi yana kwance, gonarsa kuwa ciyawa ta ci rabinta. Washin da ya ƙi tsayawa ya yi bai kai tsawon cin tuwo ba.

Saboda haka in kana sassaƙa ka kafa itacen sosai. Kada hannunka ko ƙafarka su tsaya a kan hanyar bakin ƙarfe. Ka duba ƙota kafin sara na fari. Ka kori yara daga gabanka, gama ruwan gatari in ya fita kamar kibiya yake tafiya. In ka gaji ka huta, in duhu ya yi ka tashi.

In tsautsayi ya faɗa, kada a sa ƙasa, ko toka, ko kashin shanu a ciwo. A wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a danne da tsumma mai tsabta jini ya tsaya, a tafi asibiti. Akwai wani mugun ciwo mai sandarar da jiki ya sarƙe haƙora, likitoci suna kiransa tatanas. Mutane suna cewa tsatsa ke kawo shi, alhali kuwa ƙwayar cutar a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, ta rauni take shiga. Ku tuna gonakinmu da tsakar gidajenmu cike suke da taki. Ciwon yakan ɓoye daga kwana 3 har zuwa 21 kafin ya bayyana, saboda haka kada ka ce ai rauni ya kame. Akwai allurarsa, rigakafi kuwa ya fi magani.

A MAYAR DA ABIN DA AKA ƊAUKA

Gizago mai kaifi yana fitar da turmi daga gungume, ya bar saura da za a yi kujera, da muciya, da cokula. Ɓarɓashin ma ya shiga murhu. Ta haka bishiya ɗaya take yin aikin biyu. Abin da ka sassaƙa da ɗanyen itace kuma ka shanya shi a inuwa, ya bushe sannu-sannu. In ka sa shi a rana tsagewa zai yi, wahalarka ta tashi a banza.

Duk da haka, kome kaifin gizago ba ya tsirar da bishiya. Dattawa suna tuna farin 1973 da na 1984, da itatuwan da suka mutu a lokacin. Kada ka sari itacen da ba naka ba, kada ka sari na gandun gwamnati. In reshe zai isa, kada ka kā da uwa. In kana noma ka ga ɗan gawo, ko aduwa, ko kanya ya tsiro, ka kewaye shi da fartanya, ka kafa masa ƙaya saboda awaki. Masassaƙin da ya sari ɗaya ya kamata ya raini biyu, domin ɗan da zai gaji gizagonsa ya tarar da abin sassaƙawa.

TAMBAYOYI

1. Mene ne bambancin bakin gatari da bakin gizago?
2. Yaya za ka gane ƙarfe mai kyau in ka je saye?
3. Me ya sa ba a so bakin ƙarfe ya yi shuɗi a kan injin washi?
4. Me ya sa ƙota take kwancewa da hunturu? Mene ne maganinta?
5. Faɗi abokan gaba uku na kayan sassaƙa.
6. Me za ka yi in gizago ya sari ɗan'uwanka?
7. Rubuta sunayen itatuwa biyar da ke gonarka, da abin da ake sassaƙawa da kowannensu.